Haya, Saye da Takarda: Amsoshin Tambayoyin Hausawan Makka da Jidda Kan Gidaje

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi kawowa ofishinmu na dillancin gidaje. Masu tambayar iri uku ne: 'yan ƙasa 'yan asalin Hausa waɗanda a nan aka haifi iyayensu da kakanninsu, masu iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙo, da ke zaune da iyali, da 'yan'uwa na Kano, Sakkwato, Damagaram ko Maraɗi da gado ya haɗa su da wani gida a nan. Hukuncin ɗan ƙasa da na mai iƙama ba ɗaya ba ne a wurare da dama, don haka duk inda suka rabu mun bayyana.

Malam, me ya sa kuɗin haya ya ƙi sauka a Jidda da Makka?

Babban dalili shi ne rusau. Daga ƙarshen 2021 aka shiga rushe tsofaffin unguwannin Jidda da aka gina ba bisa tsari ba, sama da unguwa 60, ciki har da Gulail, Betromin, Karantina, Sabil, Kandara, Hindawiyya da Nuzla Yamaniyya. Duk wanda ya san Jidda ya san a nan ne talaka ke samun ɗaki biyu a hoshi, wato gidan haɗaka mai tsakar gida, da kuɗi kaɗan, kusa da kasuwa, kusa da dangi. Dubban iyalai suka fito neman gida a lokaci ɗaya, suka nufi Safa, Bawadi, Hamdaniyya, Sanabil, wasu har Bahra a kan hanyar Makka. Gidajen da suka tarar shaƙƙoƙi ne a imara, wato sassa-sassa a cikin dogon bene, masu mita da kwantiragi, ba irin waɗanda suka baro ba.

A Makka abin ya riga haka farawa. Faɗaɗa Harami, aikin Jabal Umar, da aikin Masar, wato hanyar da ta taso daga wajen tashar jirgin ƙasa ta Rusaifa ta nufi Harami, tsawon fiye da kilomita uku da rabi, sun ci unguwannin da ke yamma da masallaci, inda Hausawa suka daɗe a kewayen Shari' Mansur, Hindawiyya da Tandabawi. Jama'a suka watsu zuwa Shara'i', Nawwariyya, Ka'akiyya, Shauƙiyya da Waliyyul Ahdi.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, gine-ginen da ake yi yanzu ba su maye gurbin waɗanda aka rushe ba. Ana gina otal-otal, da shaƙƙoƙin sayarwa masu ɗaki huɗu da biyar, da manyan gidaje masu zaman kansu (filla) na shirin gidaje na gwamnati, Sakani, da kamfanoni irin su Roshn. Ƙaramar shaƙƙa mai ɗaki biyu da falo, wadda direba ko mai ɗinki zai iya biya, ita ce ta yi ƙaranci, ita ce kuma kowa ke nema. Shi ya sa za ka ga babbar shaƙƙa ta yi watanni babu mai shiga, ƙarama kuwa kafin a share ta an kama.

Ga mai iƙama akwai wani nauyi a gefe. Kuɗin murafiƙai, wato iyalin da ke ƙarƙashin iƙamarsa, da aka fara a Yuli 2017 da riyal 100 a wata ya kai riyal 400 ga kowane mutum tun Yuli 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya uku yana biyan 1,600 a wata, 19,200 a shekara, kafin ya taɓa maganar haya. Wannan ya ƙara tura mutane ga ƙananan gidaje.

An ce gwamnati ta hana ƙarin haya na shekara biyar. Ya shafe mu?

Riyad kaɗai ya shafa. Daga 25 ga Satumba 2025 aka tsayar da ƙarin kuɗin haya na gidaje da shaguna a cikin birnin Riyad tsawon shekara biyar, kuma mai gidan da ya saɓa ana iya cin sa tarar da ta kai hayar wata 12. Hukumar Gidaje ta Ƙasa tana da ikon faɗaɗa matakin zuwa wasu birane, amma kada ka je ka yi wa mai gidanka na Jidda gardama da dokar Riyad.

Sai dai a cikin wannan hukunci akwai abin da ya game duk biranen ƙasar: kwantiragi yana sabunta kansa idan wa'adinsa ya cika, sai in ɗayanku ya sanar da ɗayan cewa ba ya son ci gaba, aƙalla kwana 60 kafin ƙarewa. Takobi ne mai kaifi biyu. Mai gida ba zai ƙwanƙwasa maka ƙofa saura mako biyu ya ce ka tashi ba. Kai ma in ka yi shiru har kwanakin suka wuce, ka shiga sabon wa'adi ko da ka riga ka biya arbun, wato kafin alƙalami, a wani gidan. Ka sa wa wayarka tuni saura kwana 75, don ka samu sararin yin shawara da iyali.

Mai gida ya ce mu yi takarda tsakaninmu, ba sai an shiga Ijar ba, zai rage mini. In yarda?

Kada ka yarda, ko da ragin ya yi daɗi. Ijar ita ce manhajar gwamnati da ake rajistar kwantiragin haya a kanta tun 2018. Kwantiragin da aka tabbatar a can yana da ƙarfin hukunci, ana kai shi kotun zartarwa kai tsaye ba sai an yi doguwar shari'a ba. Takardar hannu kuwa, ranar da rigima ta tashi, sai ka fara da tabbatar da cewa kai ɗan haya ne ma.

Rashin Ijar yana cizo a wuraren da ba ka zata ba. Ana neman kwantiragin wajen sa yara makarantar unguwa, wajen tabbatar da wurin zama, wajen mayar da mitar wuta da sunanka, kuma an ɗaura shi da wasu hidimomin takardun aiki na masu iƙama. Ga ɗan ƙasa, shirin tallafin kuɗi na Hisabul Muwaɗin ma yana neman shaidar cewa mutum yana zaman kansa.

Ka kuma tambayi kanka me mai gidan yake gudu. Kuɗin rajistar gidan zama riyal 125 ne a shekara, ba shi ne ya hana shi ba. Sau da yawa dalilin ɗaya ne cikin uku: babu sakki, wato takardar mallaka, a kan ginin, ko magada ba su gama rabo ba kuma wanda ke karɓar kuɗin ba shi da wakala, ko an tsaga shaƙƙa ɗaya gida uku ba da iznin baladiyya, wato hukumar gari, ba. Kowanne daga cikinsu, in ya fashe, kai ne za ka kwana a waje. Yanzu doka ta ba ɗan haya damar ya nemi a yi wa kwantiragin rajista da kansa idan mai gida ya ƙi, ɗaya ɓangaren kuma yana da kwana 60 na yin ƙorafi kan bayanan da aka shigar.

Yaya ake ɗaura kwantiragin, mene ne zan zo da shi?

Ka zo da katin ɗan ƙasa ko iƙama mai rai, da wayar da lambarta ke kan asusunka na Abshir, manhajar hidimomin gwamnati, domin ta Nafaz, manhajar tantance mutum, za ka shiga. Mai gida zai kawo lambar sakki, lambar asusunsa na banki, da wakala idan ba shi ne mai sunan da ke kan sakkin ba. Dillali mai lasisi zai shigar da bayanan shaƙƙar: bene na nawa, ɗaki nawa, lambar mitar wuta da ta ruwa, kuɗin shekara, da yadda za a biya, ko sau ɗaya, ko biyu, ko huɗu, ko wata-wata. Saƙo zai zo maka, ka buɗe, ka karanta, sannan ka danna amincewa.

Wurin karantawar nan ne ake asara. Ka duba ranar farawa, Hijiriyya ce ko Miladiyya, domin tsakanin shekarun biyu akwai kusan kwana 11. Ka duba ko an saka wani kuɗi na ruwa, na harisi (mai gadi) ko na lif a gefen hayar. Ka duba sunayen waɗanda za su zauna, da ko an ba ka iznin sa wani a ɗaki. Idan ba a rubuta iznin ba kuma ka sa ɗan'uwa yana biyan ka, mai gida ya samu hujjar soke kwantiragi.

Biya kuma, tun 15 ga Janairu 2024 hayar gidan zama ta hanyoyin Ijar ake biyan ta, da katin banki na Mada ko ta Sadad, tsarin biyan fatura, a lamba 153. Wanda ya damƙa wa harisi kuɗi a hannu, ko ya tura asusun ɗan mai gida, manhajar za ta ci gaba da nuna ana bin sa bashi, kuma abin da manhaja ta nuna shi alƙali zai fara gani.

Nawa ne haƙƙin dillali? Wani ya ce in ba shi hayar wata guda.

Dokar dillanci da ta fara aiki a 2023 ta sa sa'ayi, wato la'adar dillali, kashi 2.5 cikin 100: na kuɗin sayarwa in saye ne, na hayar shekarar farko kaɗai in haya ce, sai in an rubuta wata yarjejeniya dabam. Shaƙƙar riyal 24,000 a shekara sa'ayinta 600 ne. Shekara ta biyu babu sabon sa'ayi. Ka nemi ganin lasisin dillanci na Fal na dillalin, ka kuma duba cewa tallar gidan tana ɗauke da lambar izni. Tallar da ke yawo a WhatsApp da hoto mai kyau, farashi mai araha, da "tura arbun kafin wani ya riga ka", mafi yawanta tarko ce. Ba a biyan arbun kan gidan da ƙafarka ba ta taka ba.

Me zan duba kafin in karɓi mabuɗi?

Fara da mitar wuta. Taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka ce? Kuɗin wutar gida halala 18 ne a kowane kilowat har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30. Shaƙƙar da ta sha kilowat 2,000 a watan zafi za ta biya riyal 360, da harajin kashi 15 ya zama 414, ban da ɗan kuɗin mita. Amma idan gida huɗu ke kan mita ɗaya, jimillarsu tana tsallake 6,000 cikin sauƙi a Yuli da Agusta, kowa ya shiga farashi mai tsada, sannan a zauna rabon fatura, wanda shi ne tushen rabin faɗan maƙwabta. Ka ɗauki hoton lambar mitar ranar shiga, ka tabbata babu tsohon bashi a kanta.

Sai ruwa. Ka tambayi maƙwabta, ba mai gida ba, sau nawa ruwan hukuma ke zuwa, kuma in ya yanke wa ke biyan wayit, wato tankar ruwa. Ka hau rufi ka ga tankin sama, a rufe yake, yana da rigar kariya daga rana? Ka buɗe duk famfuna lokaci guda ka ga ƙarfin ruwa. A banɗaki ka ɗaga kai: tabon ruwa a silin yana nufin banɗakin na sama yana yoyo, kuma sabon fenti a kusurwa ɗaya tak abin tuhuma ne.

A Jidda ka ƙara da abu biyu. Danshi da gishirin ƙasa suna cin gindin bango, za ka ga filasta tana kumbura tana zuba daga ƙasa zuwa kamar gwiwa, musamman a hawa na ƙasa. Sannan ambaliya. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi a Ƙuwaiza a Nuwamba 2009, da na Janairu 2011, da na Nuwamba 2022, ba zai kama hawa na ƙasa a titin da ya fi na kusa da shi gangare ba sai ya yi tambaya. A Makka kuwa ka lura da gidajen da ke jikin dutse: matakala nawa tsohuwa za ta taka kafin ta kai ƙofa, kuma motar asibiti tana iya shiga lungun?

Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na wa ne? In na mai gida ne, a rubuta adadinsu da halin da suke ciki. Duk abin da ka gani ka sa shi a fom ɗin karɓa da miƙawa na Ijar tare da hotuna. Da wannan fom ɗin ake yanke hukuncin kuɗin ajiya ranar fita. Ƙa'idar gyara kuma ita ce, abin da ya shafi ginin kansa na mai gida ne, abin da amfanin yau da gobe ya cinye na ɗan haya ne.

Na samu shaƙƙa mai araha a Aziziyya, amma an ce in tashi lokacin Hajji. Haka ake yi?

Tsohuwar al'ada ce a Makka, musamman a Aziziyya da unguwannin da ke kusa da Mina da Harami. Mai imara yana samun kuɗi a mausim ɗin alhazai da zai iya fin abin da zai karɓa daga gare ka a watanni, don haka yake ba da sauran shekarar da rahusa. Ba laifi ba ne in ka shiga da ido buɗe. Ka lissafa hayar inda za ka zauna a watannin, kuɗin dako sau biyu, cire mukayyif da mayarwa, da kayan da za su karye a hanya. Sau da yawa rahusar tana narkewa. Ga gwauro ko ɗalibi yana iya yin daidai. Ga mai yara 'yan makaranta da tsofaffi a gida, ba mu ba da shawararsa.

In ka yarda, a rubuta ranar fita da ranar dawowa da lamba, ba "lokacin Hajji" kawai ba, a kuma rubuta ko za a bar maka ɗaki ɗaya na kulle kaya. Sannan kai ɗan haya ba ka da ikon saukar da alhazai don kuɗi. Gidan alhazai yana buƙatar tasrihi, wato takardar izni, daga kwamitin masaukin alhazai da sharuɗɗan hukumar kashe gobara.

To ɗan'uwana da ya zo da bizar ziyara fa, in ya zauna wurina har Hajji?

Nan zumunci ke jefa mutane cikin wahala. A ƙa'idojin da aka sanar don Hajjin 2025, mai bizar ziyara da aka samu a Makka daga 1 ga Zulƙida zuwa 14 ga Zulhajji ana cin sa tarar da ta kai riyal 20,000, wanda ya ba shi masauki kuma har 100,000, kuma tarar tana ninkuwa da yawan mutanen. Ga mai iƙama abin yana iya kaiwa ga kora. Ka faɗa wa Yaya ko Kawu gaskiya tun kafin ya sayi tikiti. Jin kunyar rana ɗaya ya fi a kulle gidan baki ɗaya.

Mai iƙama zai iya sayen gida yanzu?

Sabuwar dokar mallakar waɗanda ba 'yan ƙasa ba an amince da ita a Yuli 2025, ta fara aiki a Janairu 2026. Ta buɗe saye a yankunan da hukuma ta ware, kuma ta ba mai iƙama ta halal damar mallakar gida ɗaya na zamansa a wajen waɗannan yankuna, amma ban da Makka da Madina. A biranen biyu masu alfarma mallaka ta Musulmi ce kaɗai, a cikin iyakokin da aka ware, da sharuɗɗa na musamman. Akwai kuma ƙarin kuɗi da zai iya kai kashi 5 cikin 100 a kan cinikin wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma ba da bayanin ƙarya yana jawo tara har riyal miliyan 10.

Kafin ka ba da ko halala, ka sa a duba ko wannan fili ko wannan imara tana cikin yankin da aka buɗe. "Ai an buɗe Makka" magana ce ta bakin shayi, taswirar hukuma ce hujja. Masu ƙarfi kuma suna da hanyar iƙama mumayyaza, wato iƙama ta musamman, wadda ɗaya daga cikin nau'o'inta na mai gidan da ya kai riyal miliyan 4 ne.

Maƙwabcina ɗan ƙasa ne, amini ne na shekara talatin. In sayi gida da sunansa?

A'a. Ba don muna zargin amininka ba. Gidan da ke kan sunansa nasa ne a idon hukuma. In ya rasu, magadansa za su raba, kuma ba su ne suka yi maka alkawari ba. In bashi ya hau kansa, kotun zartarwa za ta riƙe gidan. In aka yi rusau, diyya asusunsa za ta shiga. Takardar da kuka rubuta a ɓoye kuma, ranar da ka fito da ita, shaida ce a kanku ku biyun cewa kun zagaye doka. Idan cinikin ya haɗa da kasuwanci, kamar ba da haya da karɓar riba, ya shiga babin tasattur, wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye da sunan ɗan ƙasa, wanda hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Rusau na Jidda ya tona irin wannan da yawa: mai sakki an biya shi ƙasa da gini, mai takardar mubaya'a (takardar ciniki ta hannu) ba sakki abin da ake dubawa gare shi ginin kaɗai ne, wanda sunansa bai fito ko'ina ba kuwa ba a san da shi ba.

In na tashi saye, wane kuɗi ne ke biyo bayan farashin?

Ɗauki shaƙƙar riyal 800,000. Harajin cinikin gidaje kashi 5 ne tun Oktoba 2020, wato 40,000. A doka na mai sayarwa ne, amma a kasuwa ana yawan ɗora wa mai saye, don haka a fayyace tun farko. Ɗan ƙasa mai sayen gidansa na farko gwamnati tana ɗauke masa harajin har kan farashin miliyan ɗaya, in ya ciro takardar shaida ta Sakani kafin ciniki. Sa'ayi 20,000. Arbun kada ya wuce kashi 5, wato 40,000, kuma in kai ka janye ba tare da aibi a gidan ba, ba ya dawowa.

Ka duba sakkin a Bursar Gidaje ta Ma'aikatar Shari'a ko a sabon rajistan gidaje: sunan wa, yana da rai, akwai jinginar banki a kai? Shaƙƙa a imara dole ta kasance da nata sakkin na kanta bayan an yi farzu, wato raba ginin sashe-sashe a hukumance. Ka nemi lasisin gini, takardar kammalawa, da inshorar ɓoyayyen aibi ta shekara 10 in sabon gini ne. Ka ɗauko injiniya ya duba, kuɗinsa bai kai na gyaran banɗaki ɗaya ba. Ka tambaya ko akwai ƙungiyar masu shaƙƙoƙi da ke da rajista a manhajar Mullak, domin imarar da ba ta da ita, ranar da lif ya lalace kowa sai ya kalli ɗan'uwansa. Gidan da ba a gina ba tukuna kuwa, kada ka saya sai aikin yana da lasisin Wafi, na sayar da gida kafin a gina, kuma kuɗinka asusun amanar aikin zai shiga, ba aljihun mai kamfani ba.

Baba ya rasu ya bar gida a Makka, wasu magada suna Najeriya. Daga ina za mu fara?

Allah ya jiƙansa. A fara da sakkin tantance magada ta Najiz, manhajar Ma'aikatar Shari'a, a sa sunan kowa, har 'yar da aka aurar Katsina tun da daɗewa. Ɓoye magaji ɗaya yana rushe rabon gaba ɗaya ko bayan shekaru. Na waje su yi wakala ga mutum ɗaya, a tabbatar da ita a hukumomin ƙasarsu da ofishin jakadancin Saudiyya, a kuma rubuta ikon wakilin dalla-dalla: ba da haya, karɓar kuɗi, sayarwa, ko wanne. Sunaye su dace harafi da harafi tsakanin fasfo da takardun Larabci. Bambancin "Abubakar" da "Bakr" kaɗai yana tsayar da fayil watanni. In tsohon sakki ne na takarda, a sabunta shi ya koma na lantarki. Kafin a gama, kuɗin haya ya riƙa shiga wuri ɗaya da rubutu, don yawancin gabar 'yan'uwa daga "wa ya ci hayar bara" take farawa.

Farashi zai sauka in jira?

Akwai abubuwan da ke ja ƙasa. An ɗaga harajin filayen da aka bari fayau daga kashi 2.5 zuwa har kashi 10 a 2025, ga mai filin da ya kai murabba'in mita 5,000, an kuma shigo da gidajen da aka kulle babu kowa cikin dokar. Manufar ita ce a tilasta gini ko sayarwa. Gwamnati na neman kai mallakar gida ga 'yan ƙasa kashi 70 a 2030, daga kashi 47 a 2016, kuma ta wuce 60. Akwai kuma masu ja sama: yawan masu Umra, buɗe wa baƙi saye, da tsadar kayan gini.

A ganinmu, mai neman babbar shaƙƙar saye a gefen gari yana da sararin ciniki, kada ya yi gaggawa. Mai neman ƙaramar haya kusa da Harami ko tsakiyar Jidda kuwa kada ya dogara da saukin farashi. Kafin ka yi ciniki ka duba ma'aunin haya na manhajar Sakani, yana nuna abin da aka biya a unguwar bisa kwantiragin da aka yi rajista. Sannan ka haɗa kuɗin mota cikin lissafi. Motocin Bas ɗin Makka da suka fara aiki a 2022 sun sa wasu unguwannin nesa sun zama masu yiwuwa ga wanda ba shi da mota, in tasha na kusa da gidan.

Ana cewa ofishinku na hidima wa jama'a. Wace hidima ce takamaimai?

Mafi yawanta a kan takarda take. Duk wanda ya kawo kwantiragi muna karanta masa shi da Hausa sashe-sashe kafin ya danna amincewa, ko ba ta hannunmu ya samu gidan ba, kuma ba ma karɓar komai a kan haka. Da yawa daga cikin iyayenmu suna jin Larabcin kasuwa sarai, amma Larabcin kwantiragi wani abu ne dabam. Tsofaffin da wayar zamani ke ba wuya muna zama da su su shiga Nafaz da hannunsu. Ba ma riƙe lambar sirrin kowa, kuma duk ofishin da ya ce a bar masa ita a guje shi.

Zawarawa da marayu ba ma karɓar sa'ayin haya a wurinsu. Muna kuma roƙon masu imara su yarda da biyan wata-wata ga masu ƙaramin albashi, domin abin da ke karya mutum ba jimillar hayar ba ce, haɗa ta wata shida a dunƙule ne. Idan saɓani ya tashi muna zama da ɓangarorin biyu, wani lokaci tare da umda, wato mai unguwa, ko limami, kafin a kai ga manhajar sulhu ta Taradi ko kotu. Matasan unguwa 'yan ƙasa masu sha'awar sana'ar muna nuna musu hanyar kwas da lasisin Fal, don dillancin bakin titi ba shi da sauran kwana. Taron wayar da kai kuma ta hannun cibiyoyin unguwanni masu rajista muke yin sa.

Ma'aunin da za ku auna mu da shi, mu da kowane kamfani, shi ne wannan: in gidan yana da aibi, ya faɗa kafin a biya ko bayan an biya? Rabon buɗa-baki da ɗaukar hoto abu ne mai sauƙi.

Me ya sa ba ku buɗe asusu mu riƙa tara wa masu bashin haya ba?

Domin tara gudummawa ba da lasisi ba laifi ne a nan, hukuncinsa tara mai nauyi ko ɗauri, da kora ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Wannan ya haɗa da saƙon da ake yaɗawa a rukunin WhatsApp da lambar asusun wani. Mai son taimako ya bi ta Jud al-Iskan, wadda aikinta gidaje ne, ko Ihsan, ko wata jam'iyyar agaji mai rajista. In kuma wani takamaiman maƙwabci kake son agaza wa, ka karɓi lambar faturarsa ta Sadad ka biya kai tsaye. Kuɗin ya tafi inda aka nufa, kuma bashin ya goge a Ijar nan take.

Ni mace ce, maigidana ya rasu, haya ta taru, mai gida ya ce zai yanke wuta. Yaya zan yi?

Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Mai gida ba shi da hurumin yanke miki wuta ko ruwa, ko canza kwaɗo, ko fitar da kaya da hannunsa. Hanyarsa kotun zartarwa ce, kuma can ma sai an sanar an ba da wa'adi. Amma kada ki bari a kai can. Ki sa a buɗe kwantiragin a ga sunan wa ke kai da ainihin abin da ya rage, domin wani lokaci an biya a hannu ba a shigar ba. In akwai rasit ko shaidar tura kuɗi, ki tattara su yau. Ki aika wa mai gidan ɗan'uwa namiji ko dattijon unguwa da tayin biya kashi-kashi, a rubuta, kowa ya sa hannu.

In ke 'yar ƙasa ce, Ijar tana da shirin tallafa wa waɗanda suka kasa biya saboda rasuwa, ciwo ko ɗauri, kuma ki sabunta bayananki a Daman, shirin tallafa wa marasa ƙarfi, da takardar rasuwa da sakkin magada. In mai iƙama ce a ƙarƙashin marigayin, maganar iƙamar ta riga ta haya gaggawa, domin ba za a rubuta sabon kwantiragi da sunanki ba sai da iƙama mai rai. Ki je Jawazat, hukumar fasfo da iƙama, da ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarki a Jidda da takardar rasuwa, fasfo ɗinki da na yara, da takardar aure. Ki zo mana da kwafinsu da lambar kwantiragin, mu kira mai gidan a gabanki.